Itacen Momiji Da Yadda A Ke Renonsa A Ƙaramin Lambu

A cikin darasin aikin lambu mun saba da itatuwan da a ke dasawa don 'ya'yansu, ko don inuwa, ko don katako. Amma akwai waɗansu da ba a nufin kome da su sai kyaun gani. Bari mu ɗauki guda daga cikinsu mu duba shi da kyau, watau wanda mutanen Japan ke kira momiji, Ingilishi kuwa su ce meful na Japan.

Asalinsa daga dazuzzukan Japan ne da Koriya da wani sashi na ƙasar Sin. Can a daji ya kan kai ƙafa 20 zuwa 30, yana tsirowa ƙarƙashin manyan itatuwa, suna kare shi daga rana da iska. Mu riƙe wannan, gama duk abin da za mu faɗa a gaba daga nan ya fito. Ganyensa kamar tafin hannu ya ke, da yatsu 5, ko 7, ko 9. Wani sunansa na Japan ma, kaede, ma'anarsa hannun kwaɗo. Dangi ɗaya ne da itacen nan da ganyensa ke jikin tutar Kanada tun 1965, amma na Kanada babba ne, bai dace da ɗan ƙaramin fili ba.

Wanda ya bayyana shi ga masanan Turai wani likita ne mutumin Suwidin, Carl Peter Thunberg, almajirin Linnaeus. Ya sauka Japan a 1775 cikin aikin kamfanin ciniki na mutanen Holan. A zamanin nan ba a barin Turawa su yi yawo a ƙasar, an tsare su a wani ɗan tsibiri, Dejima, a bakin Nagasaki. Da ya rasa hanyar fita, sai ya riƙa tona ciyawar da a ke kawo wa dabbobi yana tsintar ganyaye da furanni. A 1784 ya fitar da littafinsa na tsire-tsiren Japan. Shi ya raɗa wa itacen suna Acer palmatum, saboda kamarsa da tafin hannu. Itacen kansa bai isa Ingila ba sai 1820.

To, tun kafin wannan masu lambu na Japan sun daɗe suna zaɓe. In suka ga wani ya fito gajere, ko mai jan ganye, ko mai ganye tsattsage kamar gashin tsuntsu, sai su ware shi su yaɗa. Yanzu irinsa masu suna sun wuce 1,000. A nan mai ƙaramin fili ya kan yi nasara ko ya yi hasara tun bai haƙa rami ba. Dashen da a ke sayarwa duk ƙanana ne a tukunya, ba mai iya gane wanda zai tsaya a ƙafa 4 da wanda zai kai ƙafa 20 in ba da sunan irin ba. Wanda a ke kira Bloodgood, alal misali, ja ne wur, mutane suna sonsa ƙwarai, amma ya kan kai ƙafa 15 ko fi. Kiyohime kuwa wada ne, gefe ya ke bazuwa. Masu tsattsagen ganye su ma yawanci gajeru ne, rassansu na zubowa ƙasa kamar laima, sai dai faɗinsu ya kan fi tsawonsu. Saboda haka sai a tambayi tsawo da faɗin da irin zai kai bayan shekara 10 ko 20, a auna filin, sa'an nan a saya. Wanda ya dasa babban iri kusa da bango da nufin ya riƙa datse shi ko wace shekara, zai ƙare da kututture mai tabo, kyaun da ya saya dominsa ya tafi.

'Ya'yan momiji bibbiyu su ke fitowa, ko wane da fiffike, in sun faɗo suna juyawa cikin iska. Ana iya shuka su, amma ba su tsirowa sai sun sha sanyi na 'yan watanni, kuma abin da zai fito ba lalle ne ya yi kama da uwarsa ba. Don haka irin masu suna yawanci aure a ke yi musu, kamar yadda mu ke yi wa mangwaro da lemo. A yanko reshen irin da a ke so, a haɗa shi da gindin wanda aka shuka daga ƙwaya. Wurin haɗin ya kan bar ɗan kumburi a jikin itacen. Duk tohon da ya fito ƙasa da wannan kumburi na gindin ne, sai a cire shi nan da nan, in ba haka ba zai fi ƙarfin na sama ya danne shi.

Sai zaɓen wuri. Ɗan kurmi ne, ganyensa kuwa siriri. Abin da ya fi so shi ne ranar safe da inuwar la'asar, da bango ko shinge da zai tare masa iska. In rana ta yi yawa, ko busasshiyar iska ta buge shi, ruwa ya kan fita daga ganye fiye da yadda saiwa ke iya kawowa, sai bakin ganyen ya ƙone ya murɗe. Amma fa in an kai mai jan ganye cikin inuwa ƙwarai, jan ya kan dushe ya koma kore-kore. Tsakani a ke nema, shi ne kuwa mai wuyar samu a ƙaramin gida.

Ƙasar da ta dace da shi ita ce mai ruɓaɓɓen ganye, mai ɗan tsami kaɗan, wadda ke riƙe laima amma ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Laka mai jiƙewa ta kan ruɓar da saiwa. A haƙa rami mai faɗi, kamar ninki biyu na tukunyar, amma kada zurfinsa ya wuce nata. Saiwoyinsa ƙanana ne, kusa da fuskar ƙasa su ke yawo, shi ya sa binne wuyansa ke cutarsa, shi ya sa kuma ba a yi masa noma da fartanya a gindi. A shimfiɗa ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace kauri inci 2 kewaye da shi, a bar ɗan fili kada ya taɓa jikinsa. Ban ruwa a kai a kai cikin shekara biyu na fari. Taki kaɗan ya isa. Mai ɗura masa taki don ya yi sauri, dogayen rassa marasa ƙwari zai samu.

Wanda ba shi da ƙasa sam, tukunya ta ishe shi, muddin tana da huda a ƙasa. Bayan shekara 2 ko 3 a fitar da itacen, a rage saiwa kaɗan, a sake ƙasa. A ƙasashen ƙanƙara a kan naɗe tukunyar da buhu lokacin sanyi, don saiwar da ke tukunya ba ta da kariya irin ta wadda ke cikin ƙasa.

Game da datsa, ra'ayinmu shi ne a rage hannu. An ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, haka ne, amma wannan itace ya san siffarsa da kansa. A cire busasshen reshe, da wanda ke gugar ɗan'uwansa, shi ke nan. A Ingila daga Nuwamba zuwa Janairu a ke yi, sa'ad da ya ke barci. In an jinkirta har ruwan jikinsa ya fara hawa, yankan ya yi ta zuba. Akwai kuma wata cuta da ke zaune cikin ƙasa, mai shiga ta saiwa ta toshe hanyoyin ruwa, sai a ga reshe guda ya bushe farat ɗaya, in an yanka a ga baƙin zane a ciki. Ba ta da magani. Inda ta kashe ɗaya, ba a sake dasa wani a ramin.

Wataƙila wani zai ce, me zai hana mu dasa shi a Kano ko Zariya? Barcin nan ne zai hana. Kukarmu ta kan zubar da ganye don rani, momiji kuwa don sanyi, kuma ba ya farkawa sosai sai ya yi makonni masu yawa cikin sanyi mai tsanani dare da rana. Sanyin hunturunmu na dare ne da asuba, da hantsi ya tafi. Ga busasshiyar iska, ga zafin Afrilu a bayanta.

Ladan mai lambu yana zuwa ne dab da zubar ganye. In kwana ya gajarta, itacen ya kan daina yin koren abin nan da ke cikin ganye, ya janye amfaninsa zuwa rassa. Rawayan da kore ya rufe sai ya bayyana, ja kuwa sabo a ke yinsa daga sukarin da ya rage a ganyen. Shi ya sa shekarar da aka sami rana mai haske da dare mai sanyi ta fi ja. A Kiyoto cikin Nuwamba mutane su kan fita takanas kallon ganyen nan, har al'adar tana da suna, momijigari, watau farautar momiji. Bayan 'yan makonni ganyen ya zube, mai lambu ya share ya tara, in ya ruɓe ya mayar da shi gindin itacen.