Darasi na 14: Gansakuka a Tankin Kifi

Ya ku ɗalibai, idan kuka ziyarci Azare, hedikwatar masarautar Katagum a Jihar Bauchi, za ku tarar da masu kiwon tarwaɗa a tankunan siminti cikin gidajensu. Da bazara, tsakanin Maris da Mayu, ruwan tankin yakan rikiɗe ya koma kore shar, ya yi yauƙi da wari. Wannan shi ne gansakuka.

Gansakuka iri-iri ne. Mafi haɗari shi ne wanda masana kimiyya suke kira sayanobakteriya. Ba tsiro ba ne, ƙwayoyin halitta ne ƙanana masu haɗa abincinsu da hasken rana. Abubuwa uku suke sa su yaɗu: zafin rana, da ruwan da ba ya motsi, da ragowar abinci da kashin kifi.

Da dare sukan shanye iskar da ke cikin ruwa, don haka da asuba za ku ga kifaye sun taso sama suna haki. Wasu kuma suna fitar da guba mai lalata hanta. A shekarar 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a ƙasar Botswana, hukumomi suka ɗora laifin a kan gubar sayanobakteriya.

Idan gansakuka ya mamaye tankinku, ku dakatar da ba kifi abinci na kwana ɗaya ko biyu. Ku kankare bangon tankin, ku zubar da sulusin ruwan, ku zuba sabo. Sannan ku yi wa tankin rumfa da zana, domin gansakuka ba ya bunƙasa a inuwa. Kada ku shayar da awaki ko kaji ruwan da kuka zubar, kuma ku sani tafasawa ba ta kawar da gubar. Daga nan sai ku riƙa ba kifi iya abin da zai cinye nan take. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Ma'anar Kalmomi
rikiɗe: sauya kama
yauƙi: santsi irin na miyar kuɓewa
sulusi: kashi ɗaya cikin uku
zana: saƙaƙƙiyar ciyawa ta yin danga ko rumfa

Tambayoyi
1. Kawo abubuwa uku masu sa gansakuka ya yaɗu.
2. Me ya sa kifaye suke haki da asuba?
3. Gina jimla da kalmar "mamaye".