Ga mai koyon tsohon Girkanci: saurari karin muryarka

Idan ka fara karatun Girkancin zamanin Aflatun, kada ka riƙa danna gaɓa da ƙarfi kamar mai Turanci. Mutanen Atina na wancan lokaci da karin sauti suke magana, kuma a nan Bahaushe ya ci riba, domin kunnensa ya saba da hawa da saukar murya tun yana goye.

Alamomin da ke bisa wasula su ne jagoranka. Ana danganta su da Aristofanis na Bizantiyom, masanin laburaren Iskandariya, wajen shekara ta 200 kafin Miladiyya. In ka ga mai karkata dama (ά), ɗaga murya. Mai lanƙwasa (ᾶ) kuwa ba ta zama sai a kan dogon wasali ko tagwan wasali: murya ta hau ta sauko cikin gaɓa guda, kamar farkon kalmar "yara". Mu kam kullum muna yin ta.

Kada ka gajarta dogon wasali, don da tsawon gaɓa ake auna waƙoƙin Homa. Harafin η dogon "e" ne, ba "i" irin na Girkawan yau ba. Riƙa karantawa a bayyane, a tsanake.