Tashe a Mandawari da Wasan Kwaikwayon Sinawa: Nazari a kan Alama

Gabatarwa

An daɗe ana muhawara a kan ko Bahaushe yana da wasan kwaikwayo kafin zuwan Turawa. Masu cewa babu suna kafa hujja da cewa ba mu da dandamali, ba labule, ba rubutaccen wasa, sai da boko ya zo aka sami irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi. A ganina ma'aunin da suka ɗauka ne bai dace ba, domin na Turai ne kaɗai. A wannan maƙala za mu aro wani ma'auni daga ƙasar Sin, mu auna tashe da shi, kamar yadda na tashi na ga ana yin sa a unguwarmu ta Mandawari, cikin birnin Kano.

Wasan Sinawa

Sinawa suna da wasan kwaikwayo na gargajiya wanda ya haɗa waƙa da kiɗa da rawa da magana wuri guda. Kusan kowane yanki yana da irin nasa, cikin karin harshensa, har ana ƙidaya iri fiye da 300. Wanda ya fi shahara shi ne na birnin Beijing, wanda tushensa ya faro a 1790, sa'ad da ƙungiyoyin wasa daga lardin Anhui suka zo birnin don bikin cikar Sarki Qianlong shekara 80. Akwai kuma Kunqu, wanda ya girme shi, da na lardin Sichuan, inda ɗan wasa kan sauya fuska cikin ƙiftawar ido.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne ba sa ƙoƙarin sa mai kallo ya ɗauka abin da yake gani gaske ne. Sau da yawa tebur ɗaya da kujera biyu ne kaɗai a dandamali. In ɗan wasa ya riƙe bulala mai geza, to yana kan doki. In ya riƙe sandar tuƙi, yana cikin kwalekwale. In ya zaga fili sau ɗaya, ya yi doguwar tafiya. An kasa 'yan wasa gida huɗu: sheng, watau namiji, dan, watau mace, jing, mai zanen fuska, da chou, watau ɗan barkwanci. Launin zanen ma magana ne: ja na nuna amana da jarunta, fari na nuna ha'inci. Saboda haka tun kafin mutum ya buɗe baki 'yan kallo sun san ko wane ne.

Tashe

To, mu dawo gida. Tashe yakan fara ne bayan azumi ya kai goma, da dare, bayan an sha ruwa. An ce sunan ya samo asali daga tashin mutane don sahur. A lungunan Mandawari zaure da tsakar gida su ne dandamali, fitilar gida ita ce haske. Samari su kaɗa gwangwani, 'yan mata su kifa ƙwarya a kan ruwa su yi kiɗa, mai gida ko uwargida ta ba da sadaka ta kuɗi ko hatsi.

Duba yadda yaro yake zama tsoho. Ya liƙa auduga a haɓa, ya ranƙwafa, ya dogara sanda, shi ke nan. Babu wanda ya ruɗu, kowa ya san ɗan gidan wane ne, amma kowa ya yarda tsoho ne har a gama. Allo da buzu da carbi sun isa su mai da shi malami. Ƙunshin saiwoyi da sassaƙe ya mai da shi Jatau mai magani, yana lissafa magungunansa 'yan amshi suna karɓa masa. Dokin kara kuwa, ina bambancinsa da bulalar Basine? Dukansu alama ce da aka yi ittifaƙi a kanta tsakanin mai wasa da mai kallo, kuma wannan ittifaƙin shi ne ginshiƙin wasan kwaikwayo, ba labule ba.

Har wa yau akwai kama ta wajen shigar jinsi. A da a Beijing maza ne ke fitowa a matsayin mata, kuma mafi shahararsu shi ne Mei Lanfang (1894 zuwa 1961), wanda ya kai wasan Amurka a 1930 da Mosko a 1935. A tashen 'yan mata na Mairama da Daudu abin ya juya: yarinya ce ke sa riga da hula ta zama ango, a nuna yadda amarya ke ladabi ga miji. Na sha ganin iyaye mata suna dariya har da hawaye, ba don sun manta yarinya ce ba, sai don sun sani.

Tashe kuma yana faɗin abin da ba a iya faɗa da rana. Ana yi wa malami mai son duniya shaguɓe, ana yi wa boka, ana yi wa gwauro. A Kano har sarauta aka yi wa abin, ta Nalako, sarkin gwagware, wanda ke jagorantar tashen gwauro har zuwa gidan Sarki.

Inda aka rabu

Amma fa kada son kai ya ɗebe mu. Ɗan wasan Sin yakan fara koyo tun yana ƙarami, ya shekara da shekaru yana horar da murya da jiki a hannun gwani, kuma an rubuta wasanninsu. Hukumar UNESCO ta sa Kunqu cikin kayan gadon duniya a 2001, na Beijing kuma a 2010. Tashe ba shi da makaranta sai lungu. Ƙane yana koya daga wa, cikin kwanaki kaɗan a shekara, in ya girma ya bari. Saboda haka ba shi da zurfin gwanintar nasu, kuma in aka yi 'yan shekaru ba a yi ba, sarƙar ta tsinke.

Wannan ba zato ba ne. A 2022 'yan sanda sun dakatar da tashe a Kano, saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi suna ƙwace da faɗan daba. Hujjar tana da ƙarfi, amma yaran da suka kai shekarun koyo a lokacin sun rasa daminarsu. A bana na tambayi ƙannena uku su nuna mini tafiyar tsoho. Ɗaya ne kawai ya iya ranƙwafawar, shi ma bai san amshin ba, sai da kakarmu ta tuna masa daga bakin ƙofar ɗakinta.