LABARIN ITACIYAR LATOON

Yamma da Ingila akwai wani tsibiri, sunansa Ailan. Mutanen wurin sun yanka ƙasarsu unguwa unguwa, har sun fi 60,000, ko wace da sunanta tun na kakanni. Wata ba ta wuce 'yan gonaki da gidaje kaɗan ba. To, saurara ka ji labarin ɗaya daga cikinsu, watau Latoon, a lardin Clare.

A Latoon akwai wata 'yar itaciya mai ƙaya, mai farin fure, tana tsaye ita kaɗai a fili. Mutanen Ailan na da ba su saran irin wannan, don sun ce mazaunin aljannu ce, kamar yadda ka ke ji a kan faɗa game da tsamiya. Tsofaffi sun ce a gindinta aljannun Munster, watau kudu, su ke taruwa in za su tafi yaƙi da na Connacht.

Cikin 1999 aka tashi yin babbar hanyar mota, sai ga itaciyar a bakin aiki. Wani mutum mai tattara labarun tsofaffi, Eddie Lenihan, ya ja kunnen hukuma, ya ce kada a taɓa ta. Magana ta bazu cikin jaridu har Amurka. Aka bar ta, hanya ta wuce ta gefenta. Cikin 2002 wani ya sassare rassanta, amma ta sāke toho.

Yanzu ka gwada wannan da abin da ya faru kusa da nan, a Mooghaun. Cikin 1854 leburori masu aikin hanyar jirgin ƙasa suka tono kayan ado na zinariya masu yawa, waɗanda suka kusa shekara 3,000 a binne. Da ya ke ba wanda ya san labarinsu, sai aka sayar wa maƙera, aka narkar da yawancinsu. Kaɗan suka tsira.

Ka gani, zinariya ta salwanta don ba ta da mai ba da labarinta, ƙaya kuwa ta tsira don ta sami nata. Ba lalle ne ka gaskata zancen aljannun Latoon ba. Amma da ya ke yanzu ka iya rubutu, je ka wurin tsofaffin garinku tun suna da rai, ka tambaye su asalin sunan unguwarku da rijiyarku, sa'an nan ka rubuta ka ajiye wa 'ya'yanka.