Bin Sawun Ƙwayoyin Jiki

Jikin mutum an gina shi ne da waɗansu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Idan ƙwayoyin wani wuri suka lalace, ko suka kasa yaƙi da cuta, likitoci sukan zuba wa majiyyaci waɗansu masu lafiya da allura. Wannan shi ake kira dashe.

To, manomi in ya dasa albasa, yakan koma lambu ya duba ko ta kama. Likita fa, ƙaƙa zai ga abin da ya dasa a cikin jikin mutum?

Akwai wata na'ura da ake kira MRI. Maganaɗisu ne babba mai rami a tsakiya. Akan kwantar da majiyyaci cikin ramin, a aika masa da igiyar rediyo. Sai ruwan jikinsa ya amsa, kwamfuta ta mai da amsar hoto. Ba yanka, ba jini. Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila sun sami kyautar Nobel a 2003 saboda aikinsu a kanta.

Amma baƙin ƙwayoyi da na gida kamarsu ɗaya a hoto. Don haka kafin a dasa su, akan ciyar da su da garin tsatsar ƙarfe mai laushi ainun. Ƙarfen yakan dagula amsar ruwan da ke kusa da shi, sai wurin ya fito baƙi.

A 2005 masana na Nijmegen, a ƙasar Holan, suka ba da labarin gwajin da suka yi wa mutum 8 masu ciwon dajin fata. Nufinsu su zuba ƙwayoyin cikin kaluluwa. Da aka ɗauki hoto, ashe ga mutum 4 allurar ta kauce. Gani ya kori ji.

Duk da haka dabarar ba ta cika ba. In ƙwaya ta rabu biyu, ƙarfen yakan rabu, baƙin ya dushe. In kuwa ta mutu, ƙarfen yakan daɗe a wurin, a zaci tana da rai.

Tambayoyi
1. Mene ne dashe?
2. Don me ake ciyar da ƙwayoyin da ƙarfe?
3. Me hoto ya nuna a Nijmegen?