DARASIN WANNAN WATA: IDAN TSOHUWAR TARAKTA TA ƘI TASHI

Da zarar ruwan shuka ya sauka, kowane manomi yana neman tarakta. Idan ta ƙi tashi a wannan lokaci, kwana biyu ma asara ce babba. Yawancin taraktocin ƙauye tsofaffi ne, irin su Massey Ferguson 135 wadda aka fara ƙerawa a 1964. Sau da yawa injinsu lafiya lau yake, wuta ce kawai ba ta isa inda ake bukata. Don haka kafin a tafi gari neman bakanike, direba ya murɗa makulli ya kasa kunne. Ƙarar da ya ji ita za ta nuna masa inda ciwon yake.

1. Idan an ji shiru

A fara duba giya. Massey Ferguson 135 ba ta tashi sai ƙaramin sandan giya yana tsakiya, inda aka rubuta S. Idan yana daidai, sai a kunna fitila. Fitilar da ta ƙi kamawa alama ce batir ya yi sanyi, ko wata waya ta kwance.

2. Idan an ji ƙas-ƙas, inji bai juya ba

A duba kan batir. Farin gari da yake taruwa a wurin yana tare wuta. A kwance wayoyin, a fara da wadda aka ɗaure a jikin ƙarfen tarakta. A wanke kan batir da ruwan zafi da ɗan kanwa, kada ruwan ya shiga cikin batir. A goge, a mayar da wayoyin, ta jikin ƙarfe ita ce ta ƙarshe. A ɗaure tamau, a shafa basilin.

Batir mai ƙarfin bolt 12 yana da ɗaki 6. A buɗe kowane ɗaki a leƙa. Idan ruwa bai rufe farantan ciki ba, a ƙara ruwan batir. Ruwan rijiya yana kashe batir.

3. Idan inji yana juyawa amma bai kama ba

A nan batir ya yi aikinsa. Tarakta mai shan gas ba ta da fulogi. A duba ko an mayar da abin da ake ja a kashe inji. A duba mai a tanki, domin idan gas ya ƙare iska tana shiga bututu, kuma sai an fitar da ita inji zai kama. Mai shan fetur kuwa, a cire fulogi a goge baƙin da ya taru a bakinsa. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15. A huta minti ɗaya, sannan a sake gwadawa.

4. Idan kullum batir yana yin sanyi

Wataƙila dainamo ba ya yi masa caji. A kashe inji, a danna fambel da babban yatsa. Idan ya saki da yawa, a ƙara ɗaure shi. Idan ya tsattsage, a sake sabo.

Gargaɗi

Wasu direbobi sukan tsaya a ƙasa su haɗa wutar kik da sukudireba. Wannan ganganci ne. Idan tarakta tana cikin giya za ta zabura ta taka mutum. A hau kujera kafin a tayar da ita. Kuma kada a haska batir da ashana ko a-ci-bal-bal, domin iskar da take fita daga cikinsa tana kama wuta.

Idan an bi duk waɗannan matakai tarakta ba ta tashi ba, to, aikin mai wayarin ne. A gaya masa irin ƙarar da aka ji, wannan zai rage masa lalube.

Tambayoyi

1. Wace waya ake fara kwancewa daga batir?
2. Ɗaki nawa batir mai bolt 12 yake da shi?
3. Me ya sa ba a tayar da tarakta daga ƙasa?