Yadda A Ke Tafiyad Da Ƙungiyar Wasa A Birnin Zariya

Jama'a, an shirya wannan darasi ne domin mutanen Birnin Zariya waɗanda ke so su kafa ƙungiyar wasa, da kuma waɗanda suka riga suka kafa amma ta ƙi zama da gindinta. Za mu ɗauki ƙungiyar 'yan dara ta zama misalinmu, gama babu unguwar da za ka shiga, tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, ka rasa wanda ya iya ta. Amma abin da za a faɗa a nan ya shafi kowace irin ƙungiya, ko ta ƙwallo, ko ta langa, ko ta masu karatun littattafai.

1. ABIN DA KE KASHE ƘUNGIYA

Zage-zagi ba baƙin ƙungiya ba ne. Tun zamanin kakanni samari su kan naɗa Sarkin Samari, manoma su kan yi gayya, mata su kan yi adashi su ba uwar adashi amana. Da ilmin zamani ya zo, a nan Zariya Malam Sa'adu Zungur ya tara 'yan boko wajen shekarar 1940 suka kafa ƙungiyar tattaunawa. A 1948 kuma Dakta R.A.B. Dikko ya tara wasu a nan garin, ƙungiyarsu ta haɗu da wata ta Kaduna, daga nan Jam'iyyar Mutanen Arewa ta fito, wadda ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Ashe taron mutum goma a zaure ba abin rainawa ba ne.

To, me ya sa ƙungiyoyi da yawa su kan tashi da ƙarfi, kafin shekara ta kewayo a neme su a rasa? Ba rashin 'yan wasa ba ne. Galibi kunya ce. A cikin birni kowa ɗan'uwan kowa ne: wannan kawunka ne, wancan surukinka ne, wancan kuwa a zauren mahaifinsa ka yi karatun allo. Ma'aji ba shi iya duban ƙanen ubansa ya ce, "Baba, wata uku ba ka biya ba." Alƙalin wasa ba shi iya ce wa mai sarauta, "Ranka ya daɗe, ka yi kuskure." Sai kowa ya yi shiru, a koma gefe ana gunaguni, yau wannan ya janye, gobe wancan, har a wayi gari sai tabarma kaɗai.

Kunya halin kirki ce, ba mu ce a yar da ita ba. Maganin abin shi ne a rubuta doka tun ana shiri, tun ba a san wanda za ta fara hawa kansa ba. In doka tana rubuce, ita ke magana, ba Ma'aji ba. Shi iyakarsa ya buɗe littafi ya karanta abin da kowa ya sa wa hannu.

2. ABIN KOYI DAGA MASU WASAN BIRIJ

Akwai wani wasan karta da a ke kira birij, wanda ya yaɗu a Ingila da Amurka da sauran ƙasashe. Mutum huɗu ke yinsa, biyu suna karawa da biyu, a raba musu karta 52, kowa ya sami 13. Wani Ba'amurke, Harold Vanderbilt, shi ya tsara irin lissafin da a ke bi yanzu a shekarar 1925, a 1958 kuma aka kafa ƙungiyar birij ta duniya. Ba wasan ne ya dame mu ba. Dabarun da kulob-kulob nasu ke bi su zauna lafiya, su ne abin dubawa, guda uku.

Na ɗaya, dokokin wasan a rubuce su ke, kuma a kowane zama akwai alƙali guda. In an sami saɓani, 'yan wasa ba su yanke wa kansu hukunci, sai su kira shi. Na biyu, a wajen gasa a kan ba kowane tebur kartar da aka ba sauran, don kada wani ya ce sa'a ce ta ba abokinsa nasara. Na uku, da ya ke ba a yin wasan sai da abokin tarayya, kulob da yawa su kan ajiye mutum guda wanda aikinsa shi ne ya zauna da duk wanda ya zo shi kaɗai, don kada baƙo ya koma gida bai taɓa karta ba.

Akwai kuma abin da ba za mu koya ba. Waɗansu kulob na Ingila a dā su kan jefa ƙuri'a a ɓoye a kan mai neman shiga, in an sami baƙin dutse ɗaya ko biyu a akwati, shi ke nan an ƙi shi, ba shi kuwa sanin dalili. Kulob na Turawa a ƙasar nan ma, a zamanin mulkinsu, sun daɗe ba su karɓar 'yan ƙasa. Wanda ya san zafin a rufe masa ƙofa, bai kamata ya rufe wa wani ba.

3. WURI DA LOKACI

Kafin kome, a je a gai da mai unguwa a shaida masa abin da a ke nufi. Shi zai isad da magana gaba in da bukata. Sa'an nan a nemi wuri, ko zaure ko gindin itace. In zauren wani ne, a rubuta cewa aro ne, kuma aron zaure bai mai da mai gida Shugaba ba. Kada wurin ya matsi ƙofar masallaci ko makarantar allo, kada kuma ya tare hanyar da matan aure ke bi.

A yanke ranaku biyu ko uku a mako, daga bayan La'asar zuwa kiran Magariba. Da an kira salla a tashi, ko da saura ɗa guda a ci. Birnin nan gari ne na malamai da maɗinka. Ƙungiyar da ta sa maɗinki ya bar babbar rigar mutane a ƙasa ya tafi dara da hantsi, ba ta daɗewa ba ta yi baƙin jini ba.

4. MASU RIƘE DA ƘUNGIYA

Mutum biyar sun isa:

Shugaba, mai jagorancin taro da sulhunta mutane.
Magatakarda, mai riƙe da littafin sunaye da na abin da aka zartas.
Ma'aji, mai karɓar kuɗi da ba da rasit.
Alƙalin wasa, mai yanke hukunci a kan dara.
Mai binciken kuɗi, wanda ba shi cikin kwamiti, kuma ba ɗan gidan su Ma'aji ba ne.

A zaɓe su na shekara guda, kada kuma kowa ya wuce zaɓe uku a jere a kan kujera ɗaya. Dattijon da a ke jin nauyinsa, a naɗa shi Uban Ƙungiya. Wannan girma ne babba, ana neman shawararsa, ana kai masa ƙara, amma ba shi riƙe kuɗi. Da haka an ba girma hakkinsa, an kuma tsare asusu.

5. SHIGAD DA SABON MAMBA

Mai son shiga ya zo da mamba guda wanda ya san shi, wani kuma ya goyi baya. Ya yi wata ɗaya yana zuwa a matsayin baƙo. Bayan haka kwamiti ya zauna. In an karɓe shi, a karanta masa dokoki a gaban jama'a, da boko ko da ajami, ya sa hannu ko ya dangwala. In an ƙi shi, lalle a gaya masa dalili, a kuma ba shi damar sake nema bayan wata shida.

Dalilan ƙi su zama a rubuce, su zama kuwa na hali: caca, ko faɗa, ko cin amana da aka tabbatar. Asali ba dalili ba ne. Kada a ce wannan ƙungiyar Mallawa ce, ko ta Barebari, ko ta Katsinawa, ko ta Sulluɓawa, kada kuma a ce wane ɗan Tudun Wada ne ko ɗan Sabon Gari, ba ɗan birni ba. Jam'iyyar mutum da ɗariƙarsa, ya tuɓe su a bakin zaure tare da takalmansa.

A cikin littafin sunaye a rubuta sunan mamba, da unguwarsa, da sana'arsa, da ranar shigarsa, da sunan wanda ya kawo shi. Littafin nan amana ne. Ba a ba ɗan siyasa ko ɗan kasuwa shi don ya kwashi sunayen mutane.

Kowane mako kuma a sa gwani guda ya zama mai karɓar baƙi, ya zauna da sababbi da yara ya koya musu. Gwanaye sun fi son karawa da junansu, amma ƙungiyar da ba ta reno, ranar da tsofaffinta suka gaji ta ƙare.

6. KUƊIN ƘUNGIYA

A nan ne yawancin zumunci ke ɓaci, saboda haka a lura ƙwarai. Kuɗi iri biyu ne: na shiga, sau ɗaya, da na wata-wata. A yanka abin da mafi ƙarancin hali zai iya biya. Ga misali: in mambobi 24 ne, kowa yana ba da naira 500 a wata, za a tara naira 12,000 a wata, watau naira 144,000 a shekara. Tun farkon shekara a rubuta inda za su tafi: tabarmi, da fitila, da ruwan sha, da kyautar gasa, da abin da za a ajiye don gudummawar suna ko ta'aziyya. Gudummawar nan a yanke adadinta daidai wa daida ga kowa, don kada a ce an fi yi wa mai arziki.

Dokokin kuɗi huɗu ne. Kowane kwabo da rasit. Kuɗi su kwana a banki da sunan ƙungiya, ba a aljihun Ma'aji ko a asusun wayarsa ba. Ba a fid da kome sai da hannun mutum biyu. Ba a ba kowa rance daga asusu, ko Shugaba ne. Ma'aji na kirki shi ya fi kowa son waɗannan dokoki, gama su ke wanke shi daga zargi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: jama'ar da ta bar kuɗi ba lissafi, da ita a cikin laifin.

Wanda ya yi wata uku bai biya ba, Magatakarda ya aika masa da takarda a asirce, ba a faɗa a bainar jama'a ba. In ya kai wata shida, a dakatad da shi daga gasa da ƙuri'a har ya biya. Amma a bar ƙofar uzuri. Wanda ya koma gona da damina, ko ya yi tafiya, ko ciwo ya kwantad da shi, in ya sanad da Magatakarda, a ɗauke masa na waɗannan watanni.

7. SHIRIN WASA

Darar da mu ke nufi ita ce mai gida 30, layi biyar na gida shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Wanda ya jera uku ya ɗauke ɗa guda na abokin karawarsa. Amma akwai wuraren da gari ya bambanta da gari, kamar ko ana cin ɗan da ke cikin jerin uku ko ba a ci. Ƙungiya ta zauna ta zaɓi ɗaya ta rubuta. Ta kuma rubuta cewa ɗan da aka taɓa shi za a tafiyar, 'yan kallo kuwa ba su da baki.

In za a yi gasa, kowa ya kara da kowa. Mutum 12 za su yi wasa 66, watau zama 11, kowane zama wasa shida. A ba wanda ya ci maki biyu, kunnen doki maki ɗaya. Wanda ya fara zubi a wannan karo, abokinsa ya fara a na gaba. In jeri ya haɗa mutum da surukinsa ko da mahaifinsa, doka ta yarda a raba musu maki ba tare da sun zauna ba. Sau ɗaya a shekara a gayyaci wata unguwa, ko ma 'yan Kano, a sha wasan da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi.

8. CACA DA HORO

Ranar da aka ajiye kuɗi a gefen dara, ranar ƙungiya ta mutu, ko da ba a binne ta ba. Addini ya haramta caca, Dokar Hukunta Laifuffuka ta Arewa wadda ta fara aiki a 1960 ta hana buɗe gidan caca, mutanen unguwa kuma ba za su bar 'ya'yansu su kusanci wurin ba. Kyautar gasa ta zama abu, kamar hula ko agogo, ba kuɗin da 'yan wasa suka zuba ba.

Horo hawa uku ne: gargaɗi a keɓe, dakatarwa, sa'an nan kora. Ba a korar mutum sai an gaya masa laifinsa, an ji ta bakinsa, kashi biyu cikin uku na waɗanda suka halarci taro sun yarda. Wanda ƙarar ta shafi ɗan'uwansa na jini, ya tashi daga kwamiti har a gama. Wanda aka kora kuwa maƙwabci ne har gobe. A ci gaba da gaishe shi, a je masa suna da jana'iza.

9. TARON SHEKARA

Sau ɗaya a shekara a kira kowa da kowa, da sanarwar mako biyu. Taro ba shi zartad da kome sai sulusin mambobi sun halarta. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, mai bincike ya shaida, a gyara dokar da ta bukaci gyara, a yi zaɓe. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In ƙungiya ta girma har tana so ta mallaki fili ko gini, sai ta naɗa amintattu ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni bisa Dokar Kamfanoni ta 2020. A rubuta kuma tun yau inda kayanta za su tafi in ta watse, kamar makaranta ko gidan marayu, don kada dara ta ci gida.

TAMBAYOYI

1. Don me a ke rubuta doka tun ba a sami saɓani ba?
2. Mene ne bambancin Uban Ƙungiya da Shugaba?
3. Mambobi 30 suna biyan naira 400 a wata. Nawa za a tara a shekara?
4. Mutum 8 za su yi gasa, kowa ya kara da kowa. Wasa nawa za a yi?
5. Kawun Ma'aji ya yi wata huɗu bai biya ba. Wa zai yi masa magana, ta wace hanya kuma?

A karanta wannan darasi a zaure, a amsa tambayoyin tare, sa'an nan a ɗauko takarda a fara rubuta dokoki. Allah ya ba mu zaman lafiya da juna, amin.